Amsa ga nas ɗin da aka yi wa tayin kwangila a duwatsun Kolorado

Ƙanwata, Allah ya yi wa aikinki albarka. Kin ce shekara biyu ke nan kina aiki a ɗakin kwanciyar manya na wani babban asibiti a Houston ta jihar Teksas a Amurka, ban da shekarun da kika yi a gida. Yanzu wani kamfanin ɗaukar ma'aikatan jinya ya yi miki tayin kwangilar mako 13 a wani ƙaramin asibiti cikin duwatsun jihar Kolorado, daga tsakiyar Disamba zuwa Maris, a kan kuɗin da ya fi albashinki nesa ba kusa ba. Kina tambaya ko ki karɓa.

Aikin yana da kyau. Na yi shi shekaru a ɗakin gaggawa na irin waɗannan garuruwan, kuma a can na koyi abubuwan da babban asibiti bai taɓa ba ni damar koya ba. Amma a ce wannan ce kwangilarki ta farko, a tsakiyar hunturu, a ƙaramin asibiti, kina fitowa daga ɗakin kwanciya kaɗai, zuciyata ba ta kwanta ba. Abubuwa biyu ne suka bambanta aikin can da na ko'ina: tsayin wurin da nisansa daga taimako. Duk sauran abin da zan gaya miki a kansu ya rataya.

Kafin komai, ke AA ce ko AS? Wakilin kamfanin ba zai tambaye ki ba, kuma ba ya cikin takardun da za ki cike, amma ga ɗan ƙasarmu ita ce tambayar farko, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila. Houston kusan a bakin teku take. Denver, babban birnin Kolorado, tana kan tsayin mita 1,600, wato sa'ar tsaunin Mambila, ta ɗara Jos mai kimanin mita 1,200. Daga Denver ake fara hawa na gaske. A garuruwan cikin duwatsun, Vail tana wajen mita 2,500, Breckenridge wajen 2,900, Leadville kuma kusan 3,100. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu inda ya kai shi tsayi a duk Najeriya, mita 2,419 ne. Ma'ana za ki riƙa kwana, kina girki, kina tura gadon majinyaci na awa 12 a wurin da ya fi ƙololuwar ƙasarmu tsayi. Iskar can tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari kamar ta ko'ina, sai dai nauyinta ne ya ragu, don haka a mita 3,000 duk numfashin da kika ja yana kawo miki kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da yake kawowa a bakin teku.

Yawancin masu AS suna zuwa can su zauna lafiya su koma lafiya. Amma akwai kaɗan da jini ke daskare musu a saifa idan ƙarancin oksijin ya haɗu da aikin ƙarfi da ƙarancin ruwa a jiki, sai wani ɓangaren saifar ya mutu. Abin da ya sami Ryan Clark ke nan, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, bayan wani wasa a Denver a 2007. Sai da aka cire masa saifa da matsarmama, kuma daga nan ƙungiyarsa ba ta ƙara barin sa ya yi wasa a birnin ba. Ki lura, a Denver ne wannan, ba a kai ga hawa duwatsun ba. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci yana harbawa zuwa kafaɗar hagu, tare da amai, cikin kwanakin farko da isowa. Idan ke AS ce, ki ga likitanki kafin ki sa hannu, ki gaya masa ainihin tsayin garin da mita. Idan SS ce ko SC, maganar ta ƙare, ki nemi kwangila a ƙasa. Wannan ilimin zai amfani majinyatanki ma, domin ƙwayar ba a baƙar fata kaɗai take ba, kuma an sha ganin ciwon saifar nan a Kolorado a jikin fararen fata da ba su taɓa sanin suna ɗauke da ita ba. Mu da muka taso muna ganin sikila hankalinmu ya fi saurin zuwa can.

Ko da AA ce ke, tsayin zai karɓi gaisuwarsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa kusan baƙo ɗaya cikin huɗu da ya kwana a sama da mita 2,450 a Kolorado yana kamuwa da ciwon tsauni: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, da barcin da ba ya nisa, mutum ya riƙa farkawa kamar an riƙe masa numfashi. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Kada ki sauka daga jirgi yau ki kama duti gobe. Ki kwana ɗaya ko biyu a Denver, sannan ki hau, ki kuma bar wa kanki wasu kwanaki a garin kafin ranar farko. Likita zai iya rubuta miki Diamox, maganin rigakafin ciwon tsauni, miligiram 125 safe da yamma, a fara ana gobe za a hau. Yana sa yawan fitsari da jin tsattsaki a yatsu, lemon kwalba kuma ya canza ɗanɗano a baki, duk ba abin tsoro ba ne. Ki guji maganin barci a makon farko. Idan kina da juna biyu ko kina sa rai, wannan ma magana ce ta likita kafin ta kamfani.

Yanzu mu shiga wajen majinyata, inda idonki zai sake koyon karatu. A Houston idan na'urar auna oksijin ɗin jini da ake maƙala wa yatsa ta nuna 91, tuni kin jawo oksijin. A mita 3,000 lafiyayyen mutum yana yawo da 90 ko 92 ba abin da ke damun sa. Sabuwar zuwa takan faɗa ɗaya daga cikin rami biyu: ko ta firgita da kowace lamba, ko bayan mako biyu ta saba har ta daina ganin mai mutuwa. Ga kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka buga a ƙarshen 2020 ya nuna cewa a cikin majinyatan da na'urar ta nuna musu tsakanin 92 da 96, kusan 12 cikin ɗari na baƙar fata ainihin oksijin ɗin jininsu yana ƙasa da 88, alhali a fararen fata abin bai kai 4 cikin ɗari ba. Na'urar tana yi wa fatarmu ƙari. A wurin da kowa yake gab da layi, ƙarin lamba uku ba ƙaramin abu ba ne, a jikin majinyaci ko a naki. Ki ƙirga numfashi da kanki, cikakken minti ɗaya, ki sa mutum ya taka 'yan taku ki ga yadda lambar za ta yi, ki saurari ko yana iya ƙarasa jimla ba tare da ya tsaya ya ja iska ba.

Wanda za ki fi gani saurayi ne ko magidanci mai ji da ƙarfi, ya taso daga Teksas ko Fulorida ranar Juma'a, ya wuni yana zamiya a kan dusar ƙanƙara ranar Asabar, ya fara busasshen tari ya ce mura ce. A dare na biyu ko na uku matarsa ta kawo shi don ya kasa taka matakalar otal. Leɓɓansa sun yi shuɗi, na'urar tana nuna 70 ko ƙasa da haka, idan kika ɗora abin sauraro a bayansa sai ki ji ƙarar ruwa, sau da yawa ta dama ta fi. Wani har kumfa mai ruwan hoda yake tofarwa. Ruwa ne ya taru a huhu saboda tsayi, domin jijiyoyin huhu suna tsukewa idan oksijin ya yi ƙaranci, matsin ya yi yawa har ruwa ya tsattsafo. Zuciyarsa lafiya lau, don haka maganin fitar da ruwa da hannunki ya saba kaiwa gare shi ba nan ne wurinsa ba, ga shi dama jikinsa a bushe yake. Oksijin ne maganin, da hutu, da ɗumi, wani lokaci likita ya ƙara maganin nifedifin, idan abin ya ƙi kuma a sauke shi ƙasa. Za ki ga mutumin da ya shigo kamar ba zai kai asuba ba yana neman abinci bayan 'yan awanni. Na biyunsa ya fi ban tsoro, wato kumburin ƙwaƙwalwa. Mutum yana tangaɗi, maganarsa ba kai, abokansa suna dariya suna cewa ya sha ya bugu. Ki sa shi ya bi miƙaƙƙen layi, diddige na taɓa yatsa. Idan ya kasa, ki kira likita nan take: maganin deksametazon, oksijin, da saukarwa ba tare da jiran gari ya waye ba. Idan kuma iyali guda suka zo dukansu da ciwon kai daga gidan haya ɗaya, kada ki yarda da cewa tsauni ne. Ki tuna iskar nan mai guba ta hayaƙin janareta da gawayi, wadda a can take fitowa daga na'urar ɗumama ɗaki. Na'urar yatsa ba ta ganin ta, za ta nuna miki 98 mutum yana mutuwa. Ke ma ki sayi ƙararrawar gano ta ki jona a ɗakinki ranar da kika tare.

'Yan garin su ma suna da nasu. Yaron da aka haifa a Leadville zai iya zuwa hutu ƙasa ya dawo gida ruwa ya taru masa a huhu. Jarirai suna zuwa da ƙarancin nauyi, kimanin giram 100 a kan kowace mita 1,000, hawan jinin masu juna biyu ya fi yawa, kuma sallamar jariri ko yaro mai ciwon ƙirji da tukunyar oksijin zuwa gida abu ne na yau da kullum. Ke za ki koya wa uwar yadda za ta liƙa siririn bututun a kumatunsa. Sai karaya, wadda daga Nuwamba zuwa Afrilu ba ta yankewa: gwiwa, wuyan hannu, ƙashin wuya, buguwar kai, fashewar saifa. Watannin kwangilarki su ne tsakiyar kakar.

Ki bincika wane irin asibiti ne, domin ba duka suke ɗaya ba. Na manyan garuruwan shaƙatawa suna da kayan aiki da likitocin ƙashi na ji da gani, Vail ma ta yi suna a duniya da tiyatar gwiwa da kafaɗa. Amma da yawa daga cikin sauran suna ƙarƙashin wani rukuni ne da dokar tarayya ta 1997 ta kafa don kada ƙananan asibitocin karkara su rufe. Sharaɗinsa gado 25 ko ƙasa da haka, ɗakin gaggawa a buɗe dare da rana, matsakaicin kwanciya kada ya wuce awa 96, kuma ya kasance akwai tazarar fiye da mil 35 zuwa asibiti na gaba. A ƙasar duwatsu dokar ta rage tazarar zuwa mil 15, saboda ita ma ta san mil ɗin dutse ba irin na fili ba ne. Kolorado tana da irin waɗannan asibitoci fiye da 30. Da dare za ki iya tarar da nas biyu ko uku a duk ginin da likita ɗaya. Mai kula da na'urar numfashi yana gida sai an kira shi, mai haɗa magani yana wani gari yana duba umarni ta kwamfuta, ke za ki haɗa ƙarin ruwan da a Houston ake kawo miki a shirye. Babu tawagar da za ki danna mata ƙararrawa ta rugo. Wadda ta taɓa riƙe dutin dare a babban asibitin ƙaramar hukuma a gida ta san irin wannan tsayuwar, kuma shekarunki na gida za su yi miki rana fiye da yadda kike zato. Bambancin shi ne a nan kayan aiki suna nan, ana sa ran kin iya kowannensu, kuma duk abin da kika yi ko kika bari yana rubuce a kan lasisinki.

Tsarin ya ginu ne a kan a daidaita majinyaci a tura shi gaba. A Denver aka fara aikin jirgi mai saukar ungulu na asibitin farar hula a Amurka, wato Flight For Life, a 1972, kuma dalilin duwatsun nan ne. Amma jirgi ba ya tashi cikin guguwar dusar ƙanƙara, kuma daren da jirgi ya kasa tashi sau da yawa shi ne daren da aka rufe hanya. Na tuna wata matashiya da ta daki bishiya tana zamiya. Ta shigo tana magana, tana neman wayarta, ciki ya ɗan taurara, bugun zuciya yana ta hawa a hankali. Hoto ya nuna jini a ciki. Matuƙan jirgi suka ce ba hali, motar asibiti ma ba hanya. Jinin da ke firijinmu ana iya ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya. Na tsaya a kanta ina duba awon jini duk minti biyar, ina ɗumama duk abin da zai shiga jijiyarta, na lulluɓe ta da bargo mai hura ɗumi saboda sanyi yana hana jini daskarewa, abokiyar aikina tana riƙe da duk sauran asibitin, likita kuma yana kan waya da likitan tiyata a Denver suna shawarar yaushe za a rataya ledar jini ta gaba. Sai wajen asuba sama ta buɗe aka ɗauke ta da ranta. Abin da aka buƙata a daren shi ne hannun da ya saba da irin wannan majinyacin tun kafin ya zo dutse, kuma shi ya sa na ce ɗakin kwanciya kaɗai bai isa shiri ba. Har shirya majinyaci don jirgi yana da nasa sani, domin iska tana kumbura idan aka yi sama: 'yar iskar da ta taru a kogon ƙirji za ta girma, balan-balan ɗin bututun numfashi zai ƙara matsi.

Ga shi kuma ba a koya wa 'yar kwangila aiki. Duti ɗaya ko biyu za a zaga da ke, a nuna miki ma'ajiyar magani da lambar ƙofa, shi ke nan. Don haka ki nemi magana da shugabar sashen da kanta, ba wakilin kamfani ba. Ki tambaye ta nas nawa ke kwana, majinyata nawa kowace ke riƙewa, ko za a riƙa jefa ki ɗakin gaggawa ko ɗakin haihuwa idan hannu ya yi ƙaranci, wace manhaja suke rubutu da ita, Epic ko Cerner ko Meditech, da kuma abin da suke yi idan jirgi bai tashi ba. Yadda ta amsa ta ƙarshen zai gaya miki komai game da wurin. Kolorado ba ta da dokar da ta ƙayyade yawan majinyata ga kowace nas irin wadda Kalifoniya ke aiki da ita tun 2004. Abin da dokarta ta 2022 ta tanada shi ne kowane asibiti ya kafa kwamitin tsara yawan ma'aikata. Takardun horon ceton rai na BLS da ACLS dole ne, ƙaramin asibiti kuma yakan nemi PALS na yara da TNCC na raunuka, wani har NRP na jarirai.

Hanya ita ce abin da ya fi kashe mini jiki a shekarar farko. Babbar hanyar I-70 ce jijiyar yankin, tana ratsa dutse ta ramin Eisenhower da aka buɗe a 1973 a tsayin kusan mita 3,400. Daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu doka ta wajabta wa duk motar da ke bin ta tsakanin garuruwan Morrison da Dotsero ta kasance da tayoyin da suka dace da ƙanƙara, masu zurfin zane kusan milimita 5, ko ta riƙe sarƙar taya, gwargwadon irin motar. Tayoyin Houston ba za su yi ba, ki sa kuɗin sababbi cikin lissafi. Ba hunturu kaɗai ke rufe ta ba: a ƙarshen Yulin 2021 zaftarewar laka a kwazazzabon Glenwood, inda gobarar daji ta cinye a 2020, ta rufe hanyar kimanin mako biyu. A gangara ki sauke giya kada ki kwanta a kan birki. Ƙanƙarar da ta fi haɗari ita ce wadda ba a gani, a kan gada da inuwar dutse, daidai ƙarfe bakwai na safe lokacin da kika tashi daga dutin dare ido na rufewa, kuma lokacin ne barewa da manyan namun dawa ke tsallaka titi. Ki ajiye bargo, ruwa, shebur da tocila a mota. Idan kika maƙale kika bar injin a kunne don ɗumi, ki fita ki share dusar da ta toshe salansa.

Wannan ya kawo mu kan masauki, kuma a nan ne kuɗin da ya burge ki yake narkewa. A lokacin zamiya, haya a waɗannan garuruwan tana cikin mafiya tsada a ƙasar, ma'aikatan asibitin na dindindin ma da yawa daga wani gari suke zuwa. Ɗaki mai sauƙi yakan kasance a bayan wani dutse, tafiyar minti 40 a rana mai kyau. Kada ki sa hannu sai kin san inda za ki kwana. Ki tambayi asibitin ko yana da gidajen ma'aikata, wasu suna da su. Ki duba shafin neman gidan haya na Furnished Finder, amma kada ki tura kafin alƙalami sai an zaga da ke gidan ta bidiyo kai tsaye, domin 'yan damfara sun san 'yan kwangila a matse suke.

Kuɗin da aka faɗa miki na mako kashi biyu ne: ladan awa wanda ake cire wa haraji, yawanci an ƙanƙanta shi, da alawus na masauki da abinci wanda ba a cire wa, bisa ma'aunin da hukumar GSA ta gwamnatin tarayya ta tsara wa kowane yanki. Alawus ɗin yana kuɓuta daga haraji ne kawai idan kina da gida na gaske a Houston da kike ci gaba da biyan kuɗinsa, wato kina ɗaukar nauyin gida biyu. Idan kika saki gidanki kika zuba kaya a ma'ajiya, hukumar haraji ta IRS za ta ɗauki duk kuɗin a matsayin albashi. Za ki ji ana cewa nisan mil 50 ya wadatar. Wannan ƙa'idar wasu asibitoci ce da kamfanoni, ba ta hukumar haraji ba. Idan kuma zamanki a yanki ɗaya zai wuce shekara, ya tashi daga na wucin gadi. Teksas ba ta karɓar harajin albashi, Kolorado tana karɓar sama da kashi 4 cikin ɗari kaɗan. Ƙanƙantar ladan awa yana rage kuɗin ƙarin lokaci, yana kuma rage abin da banki zai gani idan kina shirin sayen gida. Ki karanta sashen awannin da aka lamunce miki, yawanci 36 a mako, da sau nawa asibiti zai iya ce miki ki zauna gida ba biya, da abin da zai faru idan suka soke kwangilar kin riga kin biya hayar wata uku. Ki tambayi ranar da inshorar lafiya za ta fara da ranar da za ta yanke. Labaran maƙudan kuɗin da kike ji na 2021 da 2022 ne, lokacin korona, kuma farashin ya daɗe da sauka.

Lasisi shi ne mai sauƙi. Teksas da Kolorado duk suna cikin yarjejeniyar jihohi ta lasisin jinya, wadda sabon tsarinta ya fara aiki a Janairun 2018. Ki shiga Nursys, shafin duba lasisin jinya, ki tabbatar naki na jihohi da yawa ne, ba na Teksas kaɗai ba. Idan wani kamfani ko asibiti ne ya ɗauki nauyin zuwanki Amurka, ki tabbatar wa'adin da kika yi musu alkawari ya cika, don tarar fita da wuri tana da nauyi. 'Yan'uwa da ke gida masu karanta wannan su sani babu hanyar da ta taso daga Kano ko Zinder kai tsaye zuwa wannan aikin. Sai an ci jarrabawar lasisin jinya ta NCLEX, an wuce tantancewar takardu, an sami izinin aiki, an yi shekara ɗaya ko biyu a asibitin Amurka. Duk wanda ya ce a biya shi ya tsallakar da mutum waɗannan matakan, kuɗin yake so.

Zaman kansa yana da daɗi da wuya. Iskar a bushe take ƙwarai, haɓo da tsagewar leɓe ba sa wuya, ki nemi na'urar turara ɗaki da man kaɗanya, ki kuma sha ruwa tun kafin ƙishi. A mita 3,000 ruwa yana tafasa a kusan digiri 90, don haka wake zai daɗe a wuta bai nuna ba, shinkafa ta so ƙarin ruwa. Tukunyar matsi ce mafita. Naman halal da kayan miyarmu sai Denver da Aurora, inda babban masallacin Abubakar yake a titin Parker, sai ki riƙa sayowa da yawa ki daskarar. A yankin Silverthorne akwai 'yan Senegal da Muritaniya masu aiki a shaguna da otal-otal, da yawansu Fulani ne, kuma sallamarsu kaɗai tana rage kewa. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin sanyi, wuni gajere ne, amma bushewar iska da duti na awa 12 suna jan ruwan jiki, musamman ga mai AS, don haka ki tsara sahur da ruwa sosai. Za ki iya zama ke kaɗai ce baƙar fata ko mai hijabi a duk asibitin. Yawancin mutanen masu kirki ne, tambayoyi dai za ki sha su. Wiwi halal ne a dokar jihar tun bayan ƙuri'ar 2012, ana sa shi a alewa da biskit, kamfanoni kuma suna gwajin fitsari, don haka ki karanta jikin leda kafin ki ci abin da aka miƙo miki a wajen aiki.

Da ni ce ke, zan ce wa wakilin ya nemo mini kwangilar farko a Denver, Colorado Springs ko Grand Junction. A can za ki koyi zaman 'yar kwangila, ki gwada jikinki da matsakaicin tsayi, ki koyi tuƙi a dusar ƙanƙara, ga taimako a kusa. Kafin nan ki roƙi asibitinki na yanzu su riƙa ba ki duti a ɗakin gaggawa ko sashen masu tsananin ciwo, ki yi PALS da TNCC. Ƙananan asibitocin dutse suna neman hannu da bazara ma, lokacin masu hawan dutse da keke, hanya a buɗe, jirgi yana tashi. Idan wakilin ya ce miki damar ba za ta dawo ba, ki tambaye shi abin da yake da shi na watan Yuni.